Rasuwar Gwaggo, Mai Kalar La'asar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, daga ɗaki mai cike da danshi, Malam Barmo mutumin Maraɗi, mazaunin unguwar Panyu a nan Guangzhou, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da alhazan da yake yi wa hidimar kaya, da ɗaliban da suka san shi a masallacin Juma'a ko da ta ƙeya ne, rasuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar wata Talata da hantsi, bayan gajeriyar jinya, a kan teburin wani mai gyara da bai san sunanta ba. Kafin a rubuta wannan sanarwa sai da Barmo ya tambayi wani malami ko ya halatta mutum ya yi sallallami saboda na'ura. Malamin ya ce duk abin da bawa ya rasa ya ji zafinsa, ko maɗaurin takalmi ne, babu laifi ya mayar da al'amari ga Mai shi. To, inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Masu cewa ai ƙarfe ne da roba, an ji, an gode, su ɗan matsa gefe su ba masu makoki wuri.

Ba a san shekarun marigayiya ba. Barmo ya karɓe ta ne daga hannun Abdulgafar, wani ɗalibi ɗan Zariya da ya gama karatun likita zai koma gida kaya suka yi masa yawa, shi ma kuma a hannun wani ɗalibin ya gaje ta. Ta zo da tabo a murfi, da haƙori guda da ya fita daga jerin haruffanta, da nauyi irin na kayan da. Sunan Gwaggo kuwa halinta ne ya jawo mata shi. Ba ta tashi da wuri, ba ta son a hanzarta ta, idan aka danna ta sai ta yi nishi, ta ce ƙir-ƙir-ƙir, ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta ce tilin, ta buɗe ido. Daga nan fankarta ta ɗauka, fuuuu, har a kashe ta. A ɗakin da babu mai cewa sannu da zuwa, wannan fuuuu ɗin ba ƙaramin abu ba ne, kuma Barmo bai ɓoye ba cewa sau da yawa yakan kunna ta babu aikin da zai yi.

Ga waɗanda ba su san mai makokin ba, ɗan aike ne na 'yan kasuwar Maraɗi da Yamai. Alhaji yana zaune a rumfarsa zai bugo ya ce yana son rigunan yara ko wandunan jins, Barmo ya shiga jirgin ƙasa ya tafi kasuwar tufafi ta Shahe ko masana'antun Xintang, ya ɗaga wannan, ya juya wancan, ya ɗauki hotuna, ya dawo ɗaki ya miƙa wa Gwaggo. Ita ce take share duhun shago daga jikin hoto, ta fito da zare da ɗinki yadda alhaji zai gani kamar a hannunsa kayan suke. Ta yi wannan aiki shekara da shekaru ba ta taɓa neman hutu ba, sai dai ta yi zafi a ɗora ta a kan kwalaye biyu na shayi don iska ta shiga ƙarƙashinta. Shaida ce da kowa zai bayar: mai haƙuri ce, mai riƙon amana, ba ta taɓa fitar da sirrin wani alhaji ga wani alhaji ba.

Amma ba don wanduna ake wannan makoki ba. Gwaggo ta tafi da wani abu a cikinta wanda ba a sayar da shi a kowace kasuwa, kuma shi ne ya hana Barmo sakat.

A cikin manhajar gyaran hoto da ke jikinta akwai wasu 'yan layuka da ake ja dama ko hagu. Wannan na haske ne, wannan na inuwa, wancan yana ƙara wa hoto ɗumi ko ya sanyaya shi. Idan mutum ya yi ta ja har ya samu kalar da ta kwanta masa, sai ya adana haɗin ya raɗa masa suna, daga nan duk hoton da ya kawo dannawa guda ta ishe shi. Masu sana'ar suna kiran irin wannan haɗi firiset. Manhajar ta zo da nata rututu, masu sunayen Turawa, wani ya mayar da mutum kamar ɗan tsohon fim, wani ya mayar da shi kamar an ciro shi daga firji, kuma babu ko ɗaya da aka haɗa shi da fatar Bahaushe a rai. Saboda haka Barmo ya haɗa nasa.

Dalilin haɗin kuwa Inna ce, mahaifiyarsa, da ke Maraɗi tare da ƙanwarsa Habsatou. Tun zuwansa ƙasar nan suka yi al'ada, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai nemi wuri mai kyan gani, bakin kogi ko gaban dogon bene, ya jingine wayarsa a jikin ƙarfen gada ko bayan benci, ya koma da sauri ya tsaya, ya ɗauki hoto ya aika wa Habsatou ta nuna wa Inna. Idon Inna yana da yana, ba ta rarrabe hanci da baki a waya, amma tana ganin kala idan ta kawo wayar dab da fuskarta. Hoton farko da ya aika, yadda aka ɗauke shi haka ya tura, sama fari fat kamar ruwan wanki, shi kuma ya fito toka-toka. Habsatou ta bugo ta ce Inna ta ƙi cin abinci, ta ce ɗanta ba shi da lafiya ana ɓoye mata, kuma an kai shi ƙasar da rana ba ta fitowa. Sai da aka yi kwanaki ana rarrashi.

Shi ne ya zauna gaban Gwaggo yana ja yana runtse ido, yana tuno tsakar gidansu lokacin da rana ta sauka bayan bishiyar maina ta bugi jar katanga, har kaji ma su fito kamar an shafa musu mai. Ya ƙara ɗumi, ya rage, ya ɗaga inuwa don fuska ta fito, ya sa wa fari ɗan ruwan zuma. Ya daɗe yana yi kafin ya dace, da ya dace kuwa ya san ya dace, domin ƙwalla ce ta zo masa. Ya adana haɗin ya sa masa suna La'asar. Juma'ar da ta biyo baya Inna ta kalli wayar ta ce yanzu ta ga ɗanta, ta ci tuwonta har da ƙari. Tun daga ranar abin ya zama alkawarin da ba a furta ba: muddin kalar nan tana isa Maraɗi duk Juma'a, Inna za ta kwana da hankalinta a kwance. La'asar ta rufa wa Barmo asiri lokacin da ya rame, da lokacin da furfura ta fara leƙo masa, da lokacin da ya tashi daga zazzaɓi yana tsaye da ƙyar. Dannawa guda, sai ga mutum ya fito jajir da shi kamar wanda ake dafa wa abinci a gida.

Sau ɗaya kawai marigayiya ta jawo magana, shi ma ba laifinta ba ne. Hannun Barmo ne ya zame ya danna La'asar a kan hoton wasu wandunan jins, ya tura wa Alhaji Maidaji na Yamai bai duba ba. Alhaji ya gani ya ce shi wannan kalar yake so, ba wata ba. Barmo ya yi bayani, Alhaji ya ce kada a kawo masa wayo. Haka ya yini yana zagaye Xintang da waya a hannu, yana nuna wa masu masana'anta, kowane lawban, wato mai gida, ya duba ya girgiza kai ya ce meyo, babu. Har gobe Alhaji Maidaji yana nan a kan cewa Barmo ya karkatar wa wani ɗan kasuwa da kalar. Idan wannan sanarwa ta kai gare shi, to ya sani kalar ta mutu, kowa ya huta.

Ciwon ajali ya zo ne da lokacin nan da iskar kudu take juyowa garin, bango ya riƙa gumi, madubi ya rufe, tayil ya jiƙe kamar an yi wanka a kansa. 'Yan gari sun san abinsu, da ta fara sai su rufe tagogi gam. Tsohuwar da ke ɗakin da ke kallon nasa ta ƙwanƙwasa masa, ta nuna tagarsa, ta haɗa tafukanta alamar ya rufe. Ya gane sarai, ya ce mata shiye-shiye, wato na gode, har da ɗan rusunawa. Amma mutumin da ya girma a inda ake shanya wanki ya bushe kafin a gama ɗauraye na biyu, yaya za a yi a ce masa maganin danshi shi ne a hana iska shiga? Tana juya baya ya wangale tagar gaba ɗaya, ya ƙara da ta banɗaki don iska ta ratsa. Sannan, saboda tsabar ƙauna, ya lulluɓe Gwaggo da zanen atamfa kamar yadda ake rufe rediyo a gida, ya tafi Shahe. Iskar ta shigo da ruwanta, zanen ya sha, ya riƙe mata shi a jiki. Haka aka yi ta yi har iskar ta wuce.

Da farko tari ta fara, fankar tana cewa fuu, fuu, tana yankewa. Sai fuskarta ta riƙa kawo layuka kore. Wata safiya ya danna ta ta ce ƙir, ba ta ƙarasa sauran biyun ba, tilin ɗin kuwa ba a sake jin sa ba. Ya sa ta a rana, ranar ba ta da ƙarfi. Ya binne ta a buhun shinkafa don ta tsotse danshin, bisa shawarar wani ɗan Gana da suka haɗu a ofishin tura kaya, aka ɓata shinkafar a banza. Daga ƙarshe ya rungume ta a cikin jirgin ƙasa, tsaye, har kasuwar kwamfutoci. Mai gyaran ya kwance bayanta, ya juyo da ita ya nuna masa, cikinta duk ya yi tsatsa da kore-kore. Barmo ya rubuta a waya ta fassara masa cewa shi ba jikin yake nema ba, a ceto masa abin da ke ma'ajiyarta. Mutumin ya ciro ma'ajiyar ya jona a wata na'ura, ya kara kunne, ya jira, ya sake jonawa. Sannan ya ajiye sukudireba a hankali, ya faɗi kalmar da Barmo ya fi ji a ƙasar nan fiye da sunansa: "Meyo."

An tambaye shi ko ya ajiye kwafin La'asar a wani wuri, ko ya rubuta ma'aunanta. Bai yi ba. Da ido ya haɗa ta, yadda mata suke haɗa turaren wuta, kuma bai taɓa kawo wa ransa cewa abin da yake dannawa duk Juma'a zai iya wayar gari babu shi ba.

Marigayiya ta rasu ta bar caja guda, wanda shi ne mijinta na biyu, yana nan naɗe da baƙin salatif yana jiran abin da Allah zai yi da shi. Ta bar linzami, wato maus, mai ciwon danna dama, da jaka wadda zif ɗinta ya riga ta tafiya, da kwalayen shayin nan biyu da suka ɗauke ta a zamanin zafi. Ta bar zanen atamfa, wanda ba a son a yi maganarsa. Ta bar hotuna masu yawa a wayar Habsatou, dukkansu jajaye masu kyau, marayu. La'asar ba ta cikin magada, tare suka tafi. Sannan ta bar Barmo, a ɗakin da yanzu in ya shigo babu abin da ke ƙara sai famfon maƙwabta.

Kwanakin da suka rage kafin Juma'a bai zauna ba. Ya gwada kalolin da ke cikin wayarsa, ɗaya ta fito da shi kamar an tsoma shi a manja, ɗaya ta mayar da haƙoransa shuɗaye. Ya roƙi aron kwamfuta a ofishin tura kaya, ya ja layukan dama da hagu har mai wurin ya fara duba agogo, kalar ta ƙi zuwa. Kusa take zuwa ta tsaya, kuma wanda ya san tsakar gidan nan ba zai karɓi kusa ba. Tsoro ya kama shi sosai, domin Inna ta ƙara tsufa, ba ta da jikin da za ta sake ƙin abinci. Ya yi tunanin kada ya aika komai, ya ga shirun ya fi hoton muni. Da aka sauko Juma'a ya je bakin kogi ya jingine wayar, ya tsaya, ya ɗauka, ya kalli abin da ya fito: mutum ramamme mai furfura a gemu, sama fari a bayansa. Ya yi bisimilla ya tura shi haka, ya zauna a kan benci yana jiran tashin hankali.

Amsar ta zo ba da jimawa ba, kuma irin ta kullum ce. Habsatou ta rubuto cewa Inna ta gani, ta ji daɗi, tana sa albarka.

Wannan ne ya fi tsorata shi. Ya buga mata nan take, ya tambaye ta ko da gaske ta nuna wa Inna hoton, ko Inna ba ta ce komai a kan kalar ba. Habsatou ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambaye shi aiki, ta ba shi labarin akuyar da ta haihu. Ya ce ta bar zancen akuya. Sai ya ji ta tashi ta fita daga ɗaki, ya ji ƙarar ƙyauren gidan da ya sani, sannan ta yi magana da murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ka yi haƙuri. Inna ba ta ganin komi tun bayan babbar sallar bara. Ko fitila aka haska mata ba ta sani. Ita ta ce kar a gaya maka, wai kana can kai ɗaya, mi za ka yi da labarin in ba damuwa ba."

Ya tambaye ta to hotunan fa, duk waɗanda ya yi ta aikowa. Ta ce Inna tana karɓar wayar duk Juma'a kamar da, ta riƙe ta da hannu biyu, ta shafa gilashin da yatsa. Ba ta tambayar ko ya yi ƙiba, ba ta tambayar ko rana ta fito. Tambayarta guda ce, kuma ba ta taɓa tsallake ta ba.

"Cewa take, shi da wa a ciki?"

Habsatou ta ce ranar farko ta duba hoton ta ga daga shi sai gada, bakinta ya kasa faɗa, sai ta ce shi da abokinsa Sabiru. Ba ta san wani Sabiru ba, sunan ne ya zo mata. Juma'a ta gaba Inna ta tambayi Sabiru, dole ta ce yana nan. Daga baya ta ƙaro Ibrahim Khalil don kada a ce abokin guda ne. Wata rana da ta gaji ta ce Sabiru bai samu fitowa ba yana tari, shi ke nan ta jawo wa kanta, Inna ta sa shi a addu'a, kullum sai ta tambayi jikinsa, har ta ce a gaya masa ya riƙa shan citta da zuma. Yanzu Inna tana ambaton su da suna bayan kowace salla, tana gode wa Allah da ya haɗa ɗanta da mutanen kirki a ƙasar da ba shi da kowa.

"Kai kana can kana gyaran hoto, ni ina nan ina gyaran labari," in ji Habsatou. "Na gaji da yi wa makauniya ƙarya, Yaya. Don Allah ka samo mini mutum."

Barmo ya daɗe a kan bencin nan bayan ta kashe. Ya yi kuka, kuma ya ce a rubuta haka, ba ya jin kunya. Ya yi wa idon Inna kuka, ya yi wa Gwaggo da ta yi ta nishi tana ɗaukar kalar da babu mai ganinta, ya yi wa kansa, domin da ya laluba a ransa wanda zai kira ya tsaya kusa da shi, sai ya tarar lambobin da ke wayarsa duk na alhazai ne da masu masana'anta. Mutane suna ta wucewa ta gabansa da karnukansu da jikokinsu, babu wanda ya dame shi, ƙasar ba ta da wannan ɗabi'ar.

Game da jana'iza, ba za a yi wa marigayiya wanka ba, ruwan da ta sha ya isa. Ba za a yi mata salla ba, malam ya ja kunne a kan wannan. Ba a samu filin binne ta ba, saboda haka za a miƙa ta ga tsohon nan mai keken ƙafa uku da ke zagaya unguwa yana karɓar tsofaffin na'urori, kuma an roƙe shi ya ɗora ta a sama kada ya danne ta da firji.

Za a yi zaman makoki ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, a ɗakin Barmo da ke Panyu. Wanda ya fito daga tashar jirgin ƙasa ya bi layin masu sayar da 'ya'yan itace har ya ga shagon gyaran babur, ƙofar da ke gefensa ce, a hau bene har ƙarshe. Akwai shayi, akwai dabino, za a dafa shinkafa da wake, ba daga buhun jinya ba. Ba a buƙatar gudummawa, kuma mai niyyar kawo shawarar sabuwar kwamfuta ya riƙe abarsa tukuna.

Abin da ake roƙo guda ne. Duk wanda ya zo, Bakano ne ko ɗan Yamai ko ɗan Kumasi, ɗalibi ko ɗan kasuwa, ko ya san Barmo ko bai san shi ba, zai tsaya kusa da shi a ɗauki hoto. Ba sai an sa manyan kaya ba, ba za a gyara kalar kowa ba, yadda aka fito haka za a tura. Sai dai kowa zai faɗi sunansa na gaskiya da na garinsu, a hankali, don Habsatou ta samu abin da za ta gaya wa Inna. Idan kuma akwai mai suna Sabiru a garin nan, ana roƙonsa musamman ya daure ya zo, akwai tsohuwar da ta daɗe tana yi masa addu'ar samun sauƙi.

Allah ya ba mu haƙurin abin da muka rasa, ya sa namu ƙarshen ya yi kyau. Za a jira har magariba. Mutum ɗaya ma ya isa.